Tabarmar Nomau

Da sunan Allah nake farawa, Mai ɗora mulki a kan wanda ya so, Mai sauke shi daga kan wanda ya so. Ku matso kusa, ku da kuka tambaye ni dalilin da ya sa tsoho irina yake zama a gefen mai gari kowace safiya yana ɓata masa rai, ba a kuwa taɓa ɗaure shi ba. Ni ne Tunau ɗan Tabawa, mutumin Wutsiyar Ruwa, gari na ƙarshe a bakin Kogin Sarƙa. Na ga abin da ido ba ya son gani, na ji abin da kunne ba ya son ji, kuma zan faɗa muku shi yadda yake, don ni tuni na daina yi wa labari kwalliya.

Shekarar da mai garinmu ya rasu bai bar magaji ba, gari ya dare. Wasu suka ce sarki suke so mai kakaki da dogarai, wasu suka ce a bar wa dattawa, wasu kuma suka ce kowa ya sa baki. Aka baje a gindin tsamiyar kasuwa ana musu tun kaka har bazara. Wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ne maƙwabcina Nomau masunci, gwauro ne, mutumin da in ka ce masa ruwa jiƙa yake yi sai ya ce ka bari ya taɓa tukuna. Da baki ya gaji, aka ce tunda ni farke ne, ƙafata ta san hanya, in je in gano yadda ake mulkin mutane a wasu ƙasashe, in zo musu da wanda ya fi.

Ba ni da kowa sai tsohuwata, ita kuwa makauniya ce, gidanmu kuma shi ne na ƙarshe kafin ruwa. Da na durƙusa yi mata sallama sai ta shafa kaina ta ce, "Je ka ka dawo, ɗan nan. Ina nan inda ka bar ni. Ina za ni da waɗannan idanun?"

Na bi hanyar tudu da ayarin masu kanwa. A wani daji da itatuwansa ke sauya wuri, ka zauna a gindin kuka ka waiga ka ga marke, na ɓace wa ayari. Na yi ta gararamba har takalmana suka cinye, sai ga ni a bakin wani tafki wanda ido ba ya ganin ƙarshensa, rataye a tsakanin manyan duwatsu biyu, can sama da duk ƙasashen duniya. Abin da ya tare shi wani dogon tudu ne mai ciyawa da itatuwa. Na hau na zauna, na kwance 'yar jakata zan ci dabino.

Sai na ji wani tsohon makiyayi yana magana ƙasa-ƙasa daga nesa: "Bawan Allah, sauko a hankali. A kan fatar idonsa kake zaune."

Ban gama sauka ba ƙasar da na tashi a kai ta ɗaga. Ido ne, rawaya, faɗinsa ya kai masussuka, na ga kaina a cikinsa tsaye da dabino a hannu. Ashe tudun nan kada ne, ya kwanta tun farkon zamani, jikinsa ne ya datse tafkin. Tsohon ya ja ni bayan wani dutse ya ce, "Kakanninmu sun bar mana magana. In ya buɗe ido ɗaya, wutsiya zai fara motsawa. In ya buɗe na biyu, tashi zai yi gaba ɗaya."

Na ce, "Yaushe ke nan, Baba?"

Ya ce, "Wa ya sani? Ni dai ka ga awakina sama na kora su."

Na dubi inda ruwan zai bi in ya ɓalle. Hanya ɗaya gare shi, Kogin Sarƙa, kuma a ƙarshen kogin nan ƙofar tsohuwata take. Daga ranar na mance da saƙon mutanenmu, na kama gangara ina gudu ina tuntuɓe.

Birni na farko da na tarar shi ne Inuwa Ɗaya, inda Sarki Ɓaleri yake mulki shi kaɗai. Wallahi ban taɓa ganin gari mai tsari irinsa ba. Mace ta bar ƙwaryar nononta a bakin hanya ta tafi salla, ko ƙuda tsoron sauka yake yi. A gabana sarki ya aiko cewa kasuwa ta tsare masa iska, kafin azahar an kwashe ta rumfa da rumfa an kai ta bayan gari. Na ce a raina, alhamdu lillahi, mutumin nan in ya ji labarina, kafin rana ta faɗi kowa yana kan tudu.

Abin da ban sani ba shi ne, a birnin nan labari ba ya shiga wurin sarki sai an wanke shi. Sana'a ce guda, da masu ita, kowane soro na fada da nasa mai wankin labari. Na faɗa wa na soron farko, "Kada ya buɗe ido, tafki zai ɓalle, ruwa zai cinye birnin nan." Mutumin ya dafe ƙirji, ya nuna mini wasu bayin Allah da ke shara a farfajiya. Ɗaya ya buɗe baki, babu harshe a ciki. "Su ma ɗanyen labari suka shigo da shi," in ji mai wanki. Sai ya juya ya ce wa na gaba, "Baƙo ya ce ruwa mai yawa na tafe." Na gaba ya ce wa na gabansa, "Baƙo ya hango damina mai albarka." Ina biye da maganata soro bayan soro ina jin tana yin fari tana ƙanshi, har muka isa gaban sarki, babban mai wanki ya faɗi ya ce, "Allah ya ja zamaninka, baƙo ya zo da albishir. Tafkin Sama da kansa zai sauko ya kawo gaisuwa."

Sarki ya yi murna, aka yafa mini riga, aka ce daga yau ni ne Mai Albishir, ba ni ba fita daga fada. Harshena ya yi nauyi a bakina, ina jin kamar har an ɗora masa wuƙa. Amma na tuna da yaran da na gani suna wasa a bakin kogi, sai na yi ta maza na nemi dabara. Na ce, "Ranka ya daɗe, baƙo mai girma irin wannan, ai kyawunsa sarki ya tarbe shi daga kan dutsen gabas, shi da talakawansa duka, don ya ga yawanku."

Sarki har ya fara gyaɗa kai. Na rantse muku saura ƙiris. Sai babban mai wanki ya yi gyaran murya ya ce, "Zaki, yaushe sarki ya taɓa hawa dutse don ruwa? Ai ruwa ne zai zo ya durƙusa." Fuskar sarki ta sauya. Nan take ya ba da umarni a buɗe duk ƙofofin kogi, kowane mahaluki ya yi ado ya jeru a gaɓa, ba mai motsawa sai baƙo ya iso. Kafin in haɗiye yawu an fara buga ganguna. Saurin nan da na yaba da safe, shi ne ya kwashi birni guda ya jera shi a bakin mutuwa.

Na faɗi na ce, "Ranka ya daɗe, biki irin wannan ba a yinsa babu 'yan kallo. A aike ni in gayyato garuruwan gangare." Ya ce a ba ni kwalekwale, kan ka ce kwabo ga shi. Ina wucewa ina yi wa mutanen gaɓa ihu su gudu, su kuwa suna ɗaga mini hannu, don an gaya musu ni ne Mai Albishir.

Ruwan kogi ya fara yin ja lokacin da na isa Zauruka. Nan babu sarki. Shugabannin tsofaffin gidaje ne suke zama a babban zaure su yanke komai, masu furfura, masu magana a hankali, kowannensu ya san tarihin kogin kamar yadda ya san ɗakin barcinsa. Ba su wanke labarina ba. Suka saurara har na kai aya, sannan babbansu ya ce, "Wane ido ya buɗe, na dama ko na hagu? Tsuntsayen da ke bayansa sun tashi ko suna nan?" Jin tambayar masu hankali ya sa hawaye ya zubo mini.

Suka hau da ni wani tudu, aka buɗe wasu dogayen rumfuna. Jiragen ruwa ne manya-manya, an shafe su da ƙaro, an cika su da hatsi da tulunan ruwa. Babbansu ya ce, "Tun zamanin kakanninmu muke sassaƙa su. Kowane gida da nasa." Na duba, na sake dubawa, na hango gari a ƙasa cike da marina da maƙera da manoma. Na ce, "Baba, su kuma waɗancan fa?"

Ya ce, "Ɗana, jirgi yana da iyaka. In suka ji, za su bar aiki, su hau tudun nan da sanduna, a rasa duka. Gara a tsira da iri."

Ya faɗe ta ne cikin taushin murya, fuskarsa ko gezau, kuma wannan ya fi ba ni tsoro a kan wuƙar Sarki Ɓaleri. Suka ba ni haƙuri, suka sa aka zura ni cikin wani ƙaton rumbu aka ɗauke tsani. Abinci kuwa har da nama, don su mutane ne masu karamci.

Ina cikin rumbun nan ina jin kogi yana ƙara murya, ina ganin tsohuwata zaune a ƙofar ɗaki tana karkata kunne. Na yi kuka, na yi zagi, na kankare bango da farce. A bayan rumbun akwai wurin da barorin gidajen suke daka. Na samu wata 'yar kafa da ɓera ya yi, na sa baki na kira wadda ta fi kusa, wata mai suna Yalwa. Na gaya mata komai. Ta ce, "Malam, in na faɗa da baki, kafin magariba na bi ka cikin rumbu. Amma ba wanda ya taɓa hana mace waƙar daka."

Sai na ji taɓarya ta sauka, Yalwa ta ɗauko waƙa: kada ya farka, ruwa na hanya, jirage na tudu, ba da mu za a je ba. Ta kusa da ita ta amsa. Lugude ya kama, turmi ya miƙa wa turmi, gida ya miƙa wa gida, har na ji waƙar tana dawowa daga can unguwar marina. Dattawan sun san kowane motsi na kogi, amma ba su taɓa sauraron abin da matan da ke daka musu tuwo suke rerawa ba. Kafin la'asar gari ya rikice. Yalwa ta jefo mini igiya. Da na fito na hangi tudu ya yi baƙi da mutane, ana ta sara da duka, hayaƙi yana tashi daga rumfa guda. Har yau ban san ko jirage nawa suka tashi ba, ko su wa suka shiga. Na sami kwalekwalena na tura shi ruwa.

Birnin Tsakuwa shi ne na uku. Tun daga mashigi na ji hayaniya, na ɗauka faɗa ake yi, ashe haka suke mulki. Kowane baligi, mace da namiji, yana da 'yar tsakuwarsa a aljihu. In magana ta taso, a ajiye ƙwarya biyu a dandali, fara da baƙa, kowa ya jefa inda ya yarda. Akwai wani faffaɗan dutse a tsakiya, duk wanda ya hau shi ya faɗi abin da ya ga dama, ba mai taɓa shi. Na hau na faɗi labarina ɗanye, mai tallan ruwa ya ji, mai gari na shekarar ya ji, duk a lokaci guda. Na ji wani sanyi a raina.

Sanyin bai daɗe ba. Al'adarsu ita ce, wanda ya kawo magana ba ya barin gari sai an jefa tsakuwa, kuma ba a jefa tsakuwa sai duk mai son magana ya yi. Jama'a, ashe kowa yana son magana! Wani ya hau ya ba da labarin kadan da ya cinye akuyar kakarsa. Wani ya ce a fara tantance ko kada ne ko guza. Rana ta fito ta faɗi, ta sake fitowa, ruwa yana cin matakalar mashigi ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa ina zaune ina cizon yatsa. Sai wani Arzika, wanda suke kira Bakin Zuma, mai lambuna a gaɓar kogi, ya hau. Ya ce su 'ya'yan jarumai ne da ba su taɓa gudu ba, ya ce baƙon da ya zo da rigar fadar Ɓaleri ɗan leƙen asiri ne, so ake su bar gari a zo a mamaye. Ya sa su dariya, ya sa su kuka. Aka jefa tsakuwa, baƙar ƙwarya ta cika har tana zuba. Birnin Tsakuwa ya yanke cewa ruwa ba zai zo ba.

Taron ya juyo kaina. Wanda bai taɓa ganin dubban fuskoki sun zama fuska ɗaya ba, bai san tsoro ba. Na maƙale a kan dutsen nan, suna zagaye da ni suna huci, amma ko mutum ɗaya bai miƙo hannu ba, don doka ta hana. Muna haka sai wata tsohuwa mai sayar da gishiri, Gwamma, ta ratso taron jiƙe sharkaf, tana jan wani abu. Ta shimfiɗa shi a ƙasa. Gawar yaro ce, cikin sabuwar rigar biki. Ta ce, "Ku je mashigi ku gani. Kogi cike yake da su, da gangunansu. Ni Gwamma na ce a zubar da ƙwarya a sake jefawa."

Ashe kadan nan ya motsa wutsiya ke nan, ruwan farko ya share mutanen Inuwa Ɗaya daga gaɓa. Sai na ji abin da ban ji ba a fadar sarki, ban kuma ji ba a zauren dattawa. Wani ya ce, "Mun yi kuskure." Wani ya maimaita. Har Arzika ya sunkuyar da kai ya jefa tasa a farar ƙwarya. Suka kama hawan tudu, ba shugaba ba tsari, ana ture juna ana zagi, an bar awaki an ɗauki turmi, amma na ga maƙeri goye da tsohon da ba nasa ba. Da sun yi haka tun ranar da na zo, da ba a bar kowa a baya ba. Gwamma ta sa aka ba ni kwalekwalen da ya fi kowanne gudu, ta ce, "Tafi wurin uwarka, ɗan nan."

Na iso Wutsiyar Ruwa da hantsi, tafin hannuna duk ya sale. Kun san inda na same su? A gindin tsamiya, suna musu. Suna ganina suka taso: "Tunau, wanne ka kawo mana?" Na haye kan wani turmi na faɗa musu komai ɗanye, na nuna musu kogi da abin da yake ɗauke da shi. Na ce, "Babu lokacin ƙwarya da tsakuwa. Ku ba mutum ɗaya sandar mai gari daga yanzu har ruwa ya janye, in ya janye ku karɓe abinku." Hannaye suka tashi sama, aka danƙa mini sandar.

Na tambayi dattawa hanyar da ba ta bi ta fadama, suka nuna. Na kira wasu ƙarti biyu na ce su je gidanmu su ɗauko tsohuwata. Sannan na ce kowa ya miƙe zuwa Dutsen Shaho daga inda yake tsaye, ba mai komawa gida, na sa masu sanduna suka tare lunguna. Gari ya motsa kamar mutum ɗaya, na ji daɗin abin har cikin ƙashina.

Sai ga Nomau yana kokawa da masu sanduna, yana ihu: "Tunau! Tsaya ka ji! Ba haka ba ne, ka saurare ni!"

Raina ya ɓaci. Na tuna da masu labarin akuya da guza, na ce yau ma gardamar ce? Na daka masa tsawa: "Ba yau ba, Nomau! Ku ɗaure shi, ku toshe masa baki, ku ɗauke shi sama!" Aka naɗe masa baki da rawani, aka ɗaure hannayensa ta baya. Daga nan ko tari ba wanda ya ƙara yi. Da ƙartin nan biyu suka dawo na ce, "Ina Inna?" Suka dubi Nomau, suka dubi sandar hannuna, ɗaya ya ce, "Tana gaba, ranka ya daɗe. An wuce da ita lafiya lau."

Muka hau dutse. Na bi mutane rukuni-rukuni ina neman ta. Duk wanda na tambaya sai ya rusuna ya ce, "Tana nan wajen, ranka ya daɗe," ya nuna wani gefen. Mutanen da muka yi wasan ƙasa tare, yau ba mai iya haɗa ido da ni. A bakin mutum na nawa ne ban sani ba, na ji ƙanshin maganar, irin ƙanshin nan na soron fada. Na ruga inda aka yar da Nomau, na fizge rawanin.

Ya tofar da zare ya ce, "Inna tana ɗakina na baya. Rufin ɗakinta ya rufta da damina, na mai da ita wurina. Barcin hantsi take yi. Abin da nake ta son gaya maka ke nan."

A daidai lokacin muka ji shi. Ba ƙara ba ce irin ta tsawa, wani gurnani ne daga arewa wanda ƙafa take ji kafin kunne. Tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya. Na san kadan nan ya buɗe ido na biyu. Na jefar da sandar, na yanke igiyar hannunsa, muka gangara da gudu. Bai zage ni ba, bai ko dube ni ba.

Kafin mu kai kasuwa ruwa ya kai gwiwa, a lungunmu ya kai ƙugu, ja wur, sanyi kamar ƙanƙara, yana tafe da katako da matattun dabbobi. Muka same ta tsaye a kan gado, ta dafa bango, tana cewa, "Wane ne? Nomau, kai ne?" Na ce, "Ni ne, Inna." Ta ce, "Ka dawo? To, ai na ce maka ina nan." Nomau ya goya ta, muka fito, ruwa ya kai ƙirji. Ƙaramin kwalekwalensa yana ɗaure a jikin zogalen tsakar gida. Ya sa ta a ciki, ya tura ni na faɗa, ya ce, "Ba zai ɗauki uku ba. Riƙe ta da kyau, ni ruwa gidana ne." Ya kama gindin kwalekwalen yana iyo yana tura mu, lungu bayan lungu, katangu suna zubewa a bayanmu.

Mun kusa gindin dutse na waiga, na ga abin da ya taho. Bango ne na ruwa, ya fi tsamiyar kasuwa tsawo, da itatuwa a tsaye a cikinsa. Nomau ma ya gani. Ya tattara ƙarfinsa ya yi mana wata irin turawa, kwalekwalen ya daki dutse, hannaye suka cafke mu suka ja sama. Na juya na miƙa masa hannu. Babu kowa a wurin sai ruwa.

Gari duka ya tsira, ban da mutum ɗaya. Washegari da safe muna zaune a kan dutse, ƙasa duk ta zama teku, tsohuwata ta karkata kai ta ce, "Tunau, ina Nomau? Yau bai kawo mini kununa ba."

Mutanen da ke kewaye suka shiga yi mini alama da ido da hannu. Wata ta raɗa mini, "Ce mata ya tafi su." Na buɗe baki, wallahi har maganar ta hau harshena a wanke tas, mai taushi, mai ƙanshi. Sai na haɗiye ta. Na kama hannunta na ce, "Inna, Nomau ya mutu. Ruwa ya tafi da shi wajen ceton mu. Ya so ya gaya mini kina ɗakinsa tun da sauran lokaci, ni na sa aka toshe masa baki."

Ta zare hannunta daga nawa. Ta daɗe tana kuka, ba wanda ya iya ce mata ta yi haƙuri. Sai da rana ta take sannan ta laluba ta sake kama hannun.

Da ruwa ya janye na mayar musu da sandarsu tun ba su tambaya ba. Suka ce to, wanne ka ga ya fi? Na ce su zaɓi wanda suka ga dama, ni ban ga wanda ba ya cin mutane ba. Abu ɗaya na roƙa. A cikin laka, inda gidan Nomau yake a da, na tono tabarmar da yake zama a kai yana gyaran komarsa ta kamun kifi. Na wanke ta na shimfiɗa ta a hannun hagun mai riƙe da sanda. Duk wanda ya zauna a kanta, aikinsa ya faɗi abin da ba a son ji, ba a ɗaure shi, ba a katse shi, ko da gari yana cin wuta. Tun daga lokacin mun yi masu gari iri-iri, na tsakuwa da na gado, nagari da na banza, kowannensu kuwa ya sha haushina.

Nan hikayata ta tsaya, kuskuren da ke ciki nawa ne, Allah ya yafe mana. Ni na tsufa, muryata ta fara shaƙewa, tabarmar kuma ba ta son zama babu kowa. Gobe da safe ina son in ga ɗayanku a kanta.